Gayyar Kwamared

Bana ma an yanke shinkafa a fadamarmu ba a ji ganga ba. Na zauna a ƙofar gida ina kallon masu babura suna wucewa da buhuna, kowa na sauri ya shigo gari kafin rana ta karkata, don yanzu ba mai son yamma ta riske shi a bayan gari. 'Yan ƙwadago ne ke yanka, a sallame su su watse, inji ya casa, shi ke nan wai an yi girbi. Ba waƙa, ba kirari, ba mai tsokanar wani don laujensa ya dakushe. Ina nan zaune sai ga wani jikana ya fito da waya manne a kunne, yana ce wa wani "kwamared". Na tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa, ya ce ai haka 'yan ƙungiyarsu ke kiran juna. Na yi dariya ni kaɗai. Yaran yanzu, wanda bai taɓa jin rana don wani ba ma kwamared ne. Ni mutum ɗaya na sani mai wannan suna, kuma a zamaninmu duk ƙasar Gummi in ka ce Kwamared, shi ake nufi.

Lokacin da nake magana a kai, ƙauyenmu bai san ƙarar inji ba sai ta motar da ke zuwa ranar kasuwa. Abin da ke tashe mu da safe shi ne lugude daga gidaje, da kukan jakuna, da muryar matan rugar da ke maƙwabtaka da mu suna tallar nono. In kaka ta yi, sai a ƙara da ihun yara masu korar tsuntsayen jan baki a fadama, suna kaɗa gwangwani tun hantsi har muryarsu ta dushe. A kan wannan duka akwai gangar gayya. Mutum zai aika wa sarkin samari goro ya ce rana kaza yana da gayya, makaɗi ya zagaya gari yana kiran sunan mai ita, ranar kuwa kowa ya fito da laujensa. Mai gayya shi ke ciyarwa, shi ke shayarwa, in lauje ya sari wani ko maciji ya taɓa shi, a wuyansa yake. Akwai kuma wata al'ada da dattawa ba su wasa da ita: in an gama gonar mai gayya da sauran rana, ba a komawa gida da ƙarfi a jiki, sai a ƙetara gonar maƙwabci, daga nan a ƙetara ta gaba. Ni ne sarkin samari a shekarun nan. Ba don na fi kowa hankali ba, na dai fi kowa murya, kuma ni kaɗai ne ɗa namiji a wurin Inna, ita kuwa ba ta bar ni na yi lalaci ba.

A waɗannan shekaru ne aka cika makarantun sakandare da malamai Indiyawa. Ɗaya daga cikin na Gummi mace ce, muna ce mata Malama, ta zo da mahaifinta. Tsoho ne siriri, baƙi kamarmu, kansa fari fat, yana ɗaura farin zane har ƙasa kamar mace, da laima a hannu ko babu hadari. Ranar da ya fara bayyana a bakin fadama mun sha dariya har da riƙe ciki. Bai damu ba. Kullum da la'asar sai ya tako daga gari, ya tsaya yana kallon shinkafa kamar wanda ya ga ɗan garinsu. Duk wanda ya gamu da shi, babba ko yaro, sai ya ɗaga hannu ya ce masa kwamared, har sunan ya koma kansa. A kasuwa ya koyi Hausa, ya koye ta kuwa da sauri, sai dai har ya bar mu bai raba mace da namiji ba. Ni yakan ce mini "kin zo", Inna kuma "ka kwana lafiya". Zan gyara masa Hausar a nan, don girmansa.

Da damina ta zagayo Inna ta gan shi tsaye a iyakar gonarta, laka har idon sawu. Ta ce da ni, "Wanga tsoho mi shika nema cikin laka kullum?" Na ce mata kallo yake yi, wai garinsu ma shinkafa ake nomawa. Ta ce, "To baƙon da yag ga damana garinku ba a barin shi hannu banza. Yankam mishi ɗan wuri nan gefe." Haka aka yi. Na auna masa wani ɗan tsiri wanda da kyar zai ɗauki tabarmi kaɗan, ta ba shi iri a ƙwarya. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa. Tun daga ranar ya daina tsayuwa a gefe, ya naɗe zanensa ya shiga ruwa. Ba gwani ba ne, amma ba rago ba ne.

A bakin wannan 'yar gona na ji tarihinsa, guntu-guntu, yau kaɗan gobe kaɗan. Ashe ɗan mai ƙasa ne. Ubansa yana da gonaki da ido ba ya kai ƙarshensu, da mutane masu noma masa su, waɗanda ba a bari su shiga ta ƙofar gida ko su sha ruwa a kofin da 'yan gida ke sha. An tura shi karatun lauya don ya dawo ya tsare dukiya, sai ya dawo ɗan kwaminis. Da na tambaye shi mene ne wannan, ya ce masu cewa gona ta mai noma ta ce, masaƙa kuma ta mai saƙa. Na ce ai wannan ba sai an je makaranta ba. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce shi sai da ya je. Ya bar gidan ubansa ya shiga ƙauyuka yana haɗa kan manoma. An haramta jam'iyyarsu, ya yi shekaru yana ɓuya, yau mai tallar taba, gobe mai tuƙa kwalekwale. Turawa sun ɗaure shi. Da Turawa suka tafi, 'yan ƙasarsa suka ɗaure shi a kurkukun nan dai, ya ce ko bargon ba a canza ba. Daga baya iska ta juya, aka zaɓe shi majalisar jiharsu, ya tsaya tsayin daka har aka yi dokar da ta ba wasu masu noman aro gonakin da suke nomawa. Sannan jam'iyyar ta tsage gida biyu. Mutanen da suka raba tuwo ɗaya a kurkuku suka daina gaisawa, kowane ɓangare na kiran ɗayan maci amana, shi da ya ƙi bin kowa sai duka biyun suka haɗu a kansa. Ya faɗi zaɓe, matarsa ta rasu, gwamnati ta tono masa wata tsohuwar shari'a. Da 'yarsa ta sami aikin koyarwa a ƙasarmu sai ta jawo shi, da sunan neman lafiyar ƙirji. Ya ce in ya koma, shari'ar na nan tana jiransa a filin jirgi.

Abu ɗaya ne ya hana mutane sakin jiki da shi gaba ɗaya: ba ya salla, ba ya zuwa coci, ko gunkin da muka ji Indiyawa na da shi ba shi da shi. Da bakinsa ya ce mini ya ajiye addini tun yana saurayi. Na tsorata, ban ɓoye masa ba. Da na kai wa Inna labari sai ta ce, "Wanda yah halicce shi ya san inda ya aje shi. Kai dai kai mishi hurar ga."

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya ɗauke da wuri a tudu. Gero ya yi kai babu ido, dawa ta tsaya a ciki. Fadama kaɗai ta amsa, ta amsa kuwa da kyau, shinkafa ta sunkuyar da kai kamar amarya. Kowa ya san abincin shekara yana nan, in ya kuɓuce sai ci-rani ko bara. To tun bara waccan wasu masu awo suka zo suka kafa turaku a ɓangaren da ke bin gulbi, inda mafi yawanmu ke da gona, har da ta Inna. An ce mana sabuwar doka ta mai da ƙasa duka ta gwamnati, gwamnati kuma ta ba wani mai kwangila wurin ya yi babbar gona da tarakta. Da shuka ta zo ba mu ga kowa ba, muka shuka abinmu. Sai da shinkafa ta nuna wakilin mai kwangilar ya iso da masu gadi riƙe da sanduna, ya ce ƙasa da abin da ke kanta na maigidansa ne, duk wanda ya sa lauje ɓarawo ne. Mutum biyu suka gwada, kowa shi kaɗai da sassafe. Aka kama su aka kai Gummi, ba su dawo ba. Ga shinkafa ta fara zuba, ga tsuntsu ya yi mata ca. Ga kuma labarin da masu zuwa kasuwa suka kawo, na abin da ya sami manoman wani gari da aka yi wa madatsar ruwa, da suka tsaya a kan gonakinsu aka amsa musu da bindiga. Ba wanda ya san iyakar gaskiyar abin, amma kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Gari ya yi tsit. Ko lugude ya canza murya.

Aka taru gindin tsamiyar masallaci da hantsi, dattawa a tabarma, mu a tsaye. Kowa ya kawo shawara, ba wadda ta zauna. Kwamared na gefe da laimarsa, sai Liman ya juya gare shi ya ce, "Baban Malama, an ce ka ga irin wagga rana garinku." Ya tashi ya ce mutum ɗaya ɓarawo ne, gari duka ba ɓarawo ba ne. A fita rana ɗaya, kowa da kowa, a yanke a kwashe. Kada a taɓa mai gadi, kada a ɗaga lauje sama da gwiwa. Kuma kada a yi shugaba, don in ba kai ba abin da za a sare.

Aka yi ta gyaɗa kai, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai makaɗin garinmu, wani dattijo mai ido ɗaya, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Magana ta yi daɗi. Amma wagga gayya ta, kuma gayya ba ta tashi sai da mai ita. Gangata ba ta kiran iska. In na tahi ƙauyukkan ga na buga, tambayar hwarko ita ta: gayyar wa? In nic ce ba ta kowa ba ta, walle ko kare ba ya biyo ni." Kwamared ya yi ta bayani, wai ta jama'a ce. Makaɗi ya ce jama'a ba ta dama fura, jama'a ba ta ɗaukar jinyar wanda lauje ya sara. Dattawa suka ce gaskiya ne, haka aka gada. Mu kaɗai ba za mu iya yanke wurin a yini ɗaya ba, sai maƙwabta sun zo, su kuwa ba za su zo ba sai an kira suna. Kuma kowa a wurin ya san sunan da ganga ta kira, shi ne sunan da 'yan sanda za su zo nema.

Ban ɗaga kai ba amma na ji idanu a kaina. Sarauta ce ta zo karɓar haƙƙinta. Na ce a kira nawa. Aka watse a kan haka. Da na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Inna na zaune da faifai a cinya. Ta dai dube ni irin kallon da ake yi wa mai tafiya nesa, ta ci gaba da tsintar tsakuwa a hatsin da babu tsakuwa.

Da la'asar Kwamared ya same ni a hanyar fadama. Bai yi mini gaisuwar da ya saba ba. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mini ba. Ya taɓa jagorantar irin wannan yanka a ƙasarsu, yana kan ganiyarsa. Mutane suka fito da waƙa, shi yana gaba yana jawabi. 'Yan sanda suka zo, babbansu ya san ubansa, ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya shiga mota su je ofis a sasanta. Ya shiga, yana ganin ya je ya karɓo wa mutanensa nasara. Motar na juyawa ya ji waƙa ta tsaya. Ba su yi nisa ba ya ji abin da ya biyo bayan shirun, ƙarar bindigogi. Ya ce da sunayen waɗanda suka faɗi ranar nan aka zaɓe shi majalisa, da hotunansu aka yi masa yaƙin zaɓe, kuma tun daga ranar bai ƙara yarda da shiru ba. Sannan ya tsaya ya nuna ɗan tsirinsa da kan laima. Ya ce, "Ni ma ina da gona. Mai gona yana iya kiran gayya, ko ba haka ba?"

Na ce, "Baba, korar ka za su yi. Ka hwaɗa min abin da ka jiran ka can."

Ya ce, "Kai in sun ɗauke ka, ba wanda zai tambaya. Ni dole su rubuta, dole su yi bayani. Kuma ka ce in an gama da sauran rana ana ƙetarawa. Gonata ba za ta kai hantsi ba."

Maganar ba ta wuce salin-alin ba. Wasu suka ce ba za su amsa gayyar wanda ba ya kallon gabas ba, albarka ba za ta sauka ba. Har an fara ɗaga murya sai Liman ya ce, "Maƙwabci maƙwabci na, ba a ce sai mai salla ba. Gona tai ta, Inna ta ba shi gaban shaidu. Wanda bai zuwa shi hwaɗi wani dalili, kar shi jingina ga addini." Nan magana ta zauna. Malama kuwa ta zo gidanmu idanunta jajur, ta roƙi Inna ta karɓe gonarta. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Ɗiyata, kyauta ba ta komawa. Amma in kin hana shi, ba mai ganin laihinki." Malama ta yi kuka mai isarta. Da za ta tafi sai ta tambaya mutum nawa ake dafa wa abinci a gayya.

Ranar gayyar, tun gari bai gama wayewa ba ganga ta tashi. Ban taɓa jin kirari irin wannan ba: gayyar Kwamared, tsoho mai zane, baƙon Inna, mai gona tafin hannu. Mutane suka yi ta kwararowa daga ƙauyukan gefen gulbi, wasu da dariya a bakinsu, don an ce musu gonar mai gayya ba ta kai shimfiɗar liman ba. Fulanin rugarmu suka zo da takarkarai, su ma sun san in tarakta ta shigo ba sauran kiwon kaka. Mata suka jera tuluna da ƙoren fura a inuwa, ga tukwanen Malama da wata shinkafa mai yaji da ta sa ƙarti hawaye. Kwamared ya sa lauje ya yanki damƙar farko. Kafin ya miƙe an share gonarsa, an ɗaure masa daminsa an jingine. Makaɗi ya juya ganga, na ɗaga murya na ce da sauran rana, muka ƙetara. Masu gadi suka ga yawan mutane, suka ja da baya, wakilin ya hau babur ya nufi gari.

Rana ta kusa tsakiya muka ji ƙarar motoci. 'Yan sanda ne, da bindigogi, suka diro suka jeru a kan tudun da ke kallon fadama. Lauje ya fara sanyi a hannun mutane. Na ga wata mata ta jawo ɗanta ta tura shi bayanta. Kwamared ya taka wurin makaɗi ya ce masa, ko me za a yi kada ganga ta tsaya. Sannan ya je ya zauna a kan daminsa, tsakaninmu da su, ya buɗe laima. Babban ɗan sandan ya gangaro, wakili na biye da shi yana nuna ni da yatsa. Ya yi tambaya da ƙarfi, gayyar wa? Bai ma buƙaci amsa ba, ganga na faɗa. Ya yi wa tsohon magana da Turanci, shi kuwa ya amsa da Hausa don kowa ya ji: "Tawa ce. Ni na kira, ni na ciyar." Babban ya ce to ya tashi ya shiga mota, a je ofis a yi magana. Tsohon ya gyara zama a kan daminsa. Ya ce, "Zan shiga. Amma mai gayya ba ya barin mutanensa a gona. In dami na ƙarshe ya tafi gida, ni naka ne. In kana sauri, ga ni, ɗauke ni."

Babban ya dube shi, ya dubi furfurarsa, ya dubi mutanen da suka cika fadama. An aiko shi ya kamo shugaban ɓarayi, ya tarar da tsohon baƙo, uban malamar makaranta, zaune a kan dami. Ya koma tudu ya tsaya. Muka ci gaba da yanka da bindigogi a bayanmu. Wanda bai taɓa sunkuyawa ya juya wa bindiga baya ba, ba zai gane ba. Ƙeyarka ce ke yin ido. Wani saurayi a gefena ya miƙe yana huci, lauje a sama, na damƙe hannunsa na mayar da shi ƙasa. A can tudu na ji ƙarar ƙarfe, wani ya gyara bindigarsa. Makaɗi ya ƙara wa ganga wuta, gumi na zuba a idonsa ɗayan.

Sai azahar ta yi. Wannan ba wanda ya tuna da ita a shawara. Liman ya dubi inuwa, ya dubi makaɗi, ba sai an yi magana ba, ba a salla a kan ganga. Kwamared ya yunƙura zai tashi, yana girgiza kai, yana cewa a'a, a'a. Amma ganga ta tsaya. Shirun da ya sauka a fadamar nan, har zubar ƙwayar shinkafa kana ji. Na dubi tsohon, fuskarsa ta koma kamar toka, idonsa na kan tudu. Muka ajiye lauje, muka yi alwala a bakin ruwa, wani ya yi kiran salla. Muna daidaita sahu sai na ga babban ɗan sandan yana gangarowa. Ya zo har inda muke, ya cire hularsa, ya tsuguna ya kwance takalmi, ya ce a ba shi buta. Yaransa da dama suka miƙa bindigoginsu ga waɗanda ba Musulmi ba suka biyo shi. Kafaɗarsa na gogar tawa muka yi sallar nan. Da aka sallame na waiwaya, ga Kwamared shi kaɗai a kan daminsa, laima ta faɗi gefe, yana kallonmu baki buɗe.

Ban ce salla ta sa sun zama namu ba. Suna gamawa suka koma tudu suka karɓi bindigoginsu. Amma an miƙa musu fura, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya iske gayya, sun kuma sha. Wakili ya yi ta kai da kawowa yana kumfar baki, babban ya ce masa umarnin da aka ba shi na mutum ɗaya ne, ga shi nan zaune bai gudu ba. Da na wuce ta gaban Kwamared da dami a ka, ya kira ni ya ce a hankali, "Wannan babu shi a littattafanmu."

Rana ta yi ja kafin mu gama. Takarkarai da jakuna da kawunan mata suka yi ta jigila har fadama ta koma kututture. Tsohon bai motsa ba, bai ci ba, sai ruwa. Da jaki na ƙarshe ya hau hanya, ya ce a duba ko da sauran wani a baya. Aka ce babu. Ya ce mata da yara su wuce tukuna, sannan samari. Sai da ya ga bayan kowa ya shige gari, sauran ni da Inna da makaɗi, sannan ya miƙe, ƙafafunsa sun sage sai da na tallafe shi. Ya nuna damin da ya yini a kai ya ce wa Inna, "Ka ajiye mini." Wannan kam ban gyara ba, haka ya faɗa. Ya naɗe laimarsa ya shiga mota da ƙafarsa. Makaɗi ya bi motar da ganga har ta ɓace.

Ba mu ƙara ganinsa ba. An ce daga Gummi an wuce da shi Sakkwato, daga can aka sa shi a jirgi. Mutanenmu biyu da aka kama an sako su ba da daɗewa ba. Malama ta ƙarasa zangon karatu ta bi ubanta. Daga baya wani malami ɗan ƙasarsu ya ce ya ji an tsare shi, an sake shi saboda ciwo, ya kuma rasu. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba. Fadamar ma ba mu tsira da ita ba, da rani tarakta ta shigo. Mai kwangila ya yi 'yan shekarunsa ya gaji ya watsar, muka koma muna laɓe-laɓe har wuri ya dawo hannunmu. Amma shekarar nan ba wanda ya kwana da yunwa a garinmu, ba a haƙa kabari ko ɗaya saboda shinkafa ba, ni kuma na kwana a ɗakina. Har yau in na tuna wanda ya biya wannan, sai ƙirjina ya yi nauyi.

Daminsa kuwa Inna ta sa na rataye shi a rumbu, daban. Da bazara ta yi tsanani, hatsi ya ja baya, na ce mata mu casa shi mana. Ta dube ni kamar na zagi wani. Ta ce, "Mai shi bai zaka ba." Da ta ga zai lalace sai ta casa shi da hannunta, ta shuka a wani ɗan gefe, da kaka ta ɗaure dami ɗaya ta rataye. Haka ta yi ta yi kowace shekara har ƙarfinta ya ƙare, ta bar mini. Bana da kyar na sami wanda zai raka ni fadama, amma na je, na yanka da laujena, na ɗaure. Jikan nan nawa mai waya shi ya ɗauko mini a babur. Da muka iso ya ce, Baba, wannan ɗan damin a haɗa shi da sauran a kai inji? Na ce masa a'a, rataye shi, ba namu ba ne.